Dalilin da ya sa muke komawa turke ɗaya

Ɗana, saƙonka ya iso ni nan Kusiri ranar Laraba, kuma na yi farin ciki da jin an ɗauke ka horo na wata shida a Kiribi, tare da masu lura da gaɓar teku. Na ga ka yi ta kewaye-kewaye saboda kunya kafin ka kai ga tambayarka, to ga yadda na fahimce ta. Shekara uku ke nan kana bina fadamun Logon, kullum turke ɗaya muke komawa, awo ɗaya muke yi, har ranar da babu ko balbela a gabanmu alhali ga tsuntsaye can gaba kaɗan sun rufe ruwa, ba na yarda mu matsa. Kana son sanin amfanin wannan naci, tun da tauraron ɗan adam yana ɗaukar hoton ƙasar baki ɗaya. Sannan kana fargabar abin da ka koya a ruwan daɗi ba zai yi maka rana a ruwan gishiri ba. Tambayoyin biyu amsarsu ɗaya ce, shi ya sa zan haɗa su.

Awo guda, shi kaɗai, ba ya gaya wa kowa komai. In ka ce mini yau ruwa ya kai santimita 240 a jikin sandar awo, ban ƙaru da wani abu ba sai na san inda ya tsaya a rana irin ta yau bara, da bara waccan, da shekara ashirin da suka wuce, a jikin wannan sandar dai, a daidai wannan lokacin na safiya. Ka duba Tafkin Chadi da ke bayan gidanmu. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000, kuma a wannan yalwa ce Kamaru da Chadi da Nijar da Najeriya suka kafa hukumar kula da tafkin a 1964. Da fari ya zo, a 1973 tafkin ya rabu biyu, kwarin arewa da kwarin kudu, kuma a tsakiyar shekarun 1980 buɗaɗɗen ruwan da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin goma na dā ba. Kowane tsohon masunci zai ba ka wannan labari, kuma gaskiya zai faɗa, amma ba zai iya ce maka santimita nawa ruwan ya sauka a wace shekara ba, ballantana ya raba maka abin da ƙarancin damina ya ci da abin da ban ruwa ya ci. Abin da ya ba da damar yin wannan lissafi shi ne wasu mutane da ba a san sunansu ba, waɗanda suka riƙa sauka bakin ruwa a Bol da Injamina kowace safiya suna karanta sanda suna rubutawa. Da yake kogunan Shari da Logon su ke kawo wa tafkin kusan kashi tara cikin goma na ruwansa, lambar da aka karanta a Injamina cikin watan Oktoba ko Nuwamba, lokacin da kogi ke kai ƙarshen cikarsa, ita ke nuna abin da masu noma da masunta na tsibirai za su tarar bayan watanni.

Tauraron ɗan adam kuwa ban raina shi ba, ina amfani da hotunansa duk mako. Sai dai abin da ke sama yake gani. Tafkin nan ba shi da zurfi, kuma babban ɓangaren ruwansa yana kwance ne ƙarƙashin ciyayi, saboda haka hoton da ya nuna kore shar ana iya ɗaukarsa a matsayin tudu, alhali in ka sa ƙafa ruwa zai kai maka ƙirji. An daɗe ana yaɗa hotuna ana cewa tafkin ya kusa ƙarewa, su kuwa masu kwale-kwale suna ratsa wurin da hoton ya kira busasshe. Sai wanda ya tsaya a turke ya rubuta zurfin ruwa da irin ciyawar da ke kansa, sannan mai karanta hoton ya san ma'anar launin da yake gani.

Bari in ba ka labarin da ban taɓa ba ka ba, don abin kunya ne a gare ni. Ina sabon hannu, kamar kai yanzu, aka ba ni kula da wata sandar awo a bakin wani rafi da ke malala cikin fadama. Wata rana da rani shanu suka zo shan ruwa suka ture ta. Na tarar da ita kwance cikin taɓo, na ɗaga, na wanke lambobin da hannuna, na sake kafa ta a ramin da nake zaton nata ne, na danne gindinta da duwatsu, na koma gida ina jin na yi abin kirki. Ban gaya wa kowa ba, ban kuma rubuta a littafi ba. Akwai wani dunƙulen siminti da aka binne kan tudu, mai ƙusar ƙarfe a kansa, wanda daga gare shi ake gwada tsayin sandar da na'urar daidaito, amma ni a lokacin ina ganin wannan ɓata lokaci ne. Damina biyu aka yi ana tattara lambobina kafin maigidana ya lura cewa rafin nan, shi kaɗai a duk yankin, ya riƙa nuna ruwa ya ƙaru. Da muka je da na'ura muka gwada, sai ga shi sandar ta nutse ƙasa da wurinta na asali da misalin tafin hannu. Bai yi mini faɗa ba, wanda ya fi mini zafi. Ya ce kawai in gaya masa ranar da ta faɗi, sai a gyara lissafin. Ranar kuwa ban riƙe ta ba. Haka aka ja layi kan aikin watanni masu yawa, domin ba wanda ya san daga ina kuskuren ya fara. Tun daga nan, ko igiyar ma'auni na canja sai na rubuta rana da dalili.

Yanzu ga batun ranar da muka rubuta sifiri kana ɓata rai. A watan Janairu na kowace shekara ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da dama a lokaci guda, abin da aka fara tun 1967, kuma an zaɓi tsakiyar sanyi ne saboda a lokacin baƙin tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai sun zauna wuri ɗaya, ba a ƙirga su sau biyu. Idan duk shekara muka bi tsuntsaye zuwa inda suka fi yawa, littafinmu zai nuna gauraka da dinya da kirinjijiya suna nan daram har ranar da na ƙarshensu zai tashi, domin kullum akwai wani kududdufi da ya rage wanda ragowar za su taru a kansa. Sifirin da ka rubuta shi ne shaidar cewa an zo, an duba, ba a gani ba, kuma ya sha bamban da shafin da aka bari fari, wanda ke nufin ba a zo ba. Da aka gina madatsar Maga a 1979 saboda noman shinkafa, tare da ganuwar da ta bi gaɓar Logon, ambaliyar da ke shayar da babban yanki na fadama ta yanke, ciyawa mai ɗorewa ta mutu, kifi ya ragu, makiyaya da namun dajin Waza suka shiga wahala. A 1994 aka sake buɗe wani rafi don a mayar da ruwa wani sashe. Ta yaya aka tabbatar cewa buɗewar ta yi amfani? Ta wuraren da aka kafa wa turke aka riƙa ƙirga ciyawa da tsuntsu a shekarun da babu abin ƙirgawa. Ba don sifirin waɗancan shekaru ba, da sai dai a yi ta musu a bakin kasuwa.

To, wannan hali shi za ka ɗauka zuwa Kiribi, sauran duk kayan aiki ne da za ka koya cikin mako biyu. Babban abin da zai zame maka sabo shi ne lokaci. Mu nan ruwa sau ɗaya yake cika a shekara, amma teku tana cika tana janyewa sau biyu a yini, kuma kowace rana cikar tana jinkirta da kusan minti 50 bisa ta jiya, domin wata take bi. Cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma wajen daren sha huɗu, saboda haka lissafin watan da ka iya tun kana makarantar allo zai yi maka amfani fiye da yadda kake zato. Wanda ya auna faɗin rairayi yau da ruwa ya janye, ya dawo wata mai zuwa ya auna da ruwa ya cika, zai kai rahoton cewa teku ta cinye gaɓa, alhali agogo ne bai duba ba. Shi ya sa ba daga bakin ruwa ake fara awon ba, daga turke ake farawa, can bayan gaɓa inda igiyar ruwa ba ta kaiwa. Akwai wata hanya mai sauƙi da nake so ka iya ko da an ba ka na'ura mai tsada: mutum biyu, sanda biyu masu zanen santimita, da igiya mai tsawo sananne a tsakaninsu. Na baya yana saita idonsa da layin da teku ta haɗu da sama, ya karanta bambancin tsayi tsakanin sandunan, sannan su matsa gaba taki ɗaya, haka har bakin ruwa. In an jera lambobin sai siffar gangaren ta fito, in kuma an ɗora ta wannan wata kan ta watan jiya sai a ga inda yashi ya tafi da inda ya taru. Kada ka yi saurin yanke hukunci da awon wata uku, don gaɓa tana ramewa lokacin da teku ke hauka, ta sake cikowa in ta lafa, kamar saniya tsakanin rani da kaka. Zaizaya ta gaskiya sai an jera shekaru ake ganinta.

Kudu da Kiribi, wajen ƙauyen Eboje, kunkurun teku suna fitowa da dare su haƙa rami su yi ƙwai. Za a iya sa ka sintirin gaɓa da asuba kana ƙirga sawu. Ka bi tsawon da aka yanka maka, ba ƙari ba ragi, ka share kowane sawu da ƙafa bayan ka rubuta shi don kada na gobe ya sake ƙirga shi, kuma daren da ba ka ga komai ba ka san abin da za ka rubuta. Ƙwan yana ɗaukar kusan wata biyu kafin ya ƙyanƙyashe, kuma zafin yashi ne ke sa 'ya'yan su zama maza ko mata, don haka in an ba ka ma'aunin zafi ka binne, zurfin da aka ce shi ne zurfin.

A bakin kogin Wuri, kusa da Duwala, akwai dazuzzukan itatuwan da ke tsaye cikin ruwan gishiri bisa saiwoyi kamar ƙafafu, kuma a can ne aikin ya fi kama da namu, taɓo ne har gwiwa da sauro. Abin da ake nema a sani shi ne ko lakar da ke taruwa a gindinsu tana ɗaga ƙasa daidai da yadda teku ke tasowa. Tun 1993 da aka fara auna tekun duniya da tauraron ɗan adam, tana hawa da milimita 3 da wani abu a shekara. Ka kwatanta wannan da tafin hannun da na ɓatar a rafi, za ka gane dalilin da ya sa suke kafa ƙarfe mai zurfi ƙwarai, kuma suke shimfiɗa katako su taka don kada sawun mai awo ya danne abin da ya zo aunawa.

Murjani kuwa ba za ka sami manyan duwatsunsa a gaɓar Kamaru ba, domin koguna irin su Sanaga suna zubo ruwan daɗi da laka, shi kuwa ruwa garau mai gishiri yake so. Sai irin su Bahar Maliya, wadda kakanninmu suka tsallaka daga Sudan a hanyar Makka, ko gabashin Ostareliya inda jerinsa ya kai kilomita 2,300. Amma za a koya maka shi, don haka ka san wannan: dabba ce, ba dutse ba, kuma wasu ƙananan tsirrai da ke zaune cikin jikinta ke ba ta abinci da launi. In zafin ruwa ya haura abin da ta saba da shi da digiri 1 kacal na tsawon makonni, sai ta kore su ta yi fari fat, kamar yadda ya faru a tekuna da yawa a 1998 da 2016. Fari ba mutuwa ba ne tukuna, wani yana farfaɗowa, wani ya mutu gansakuka ta rufe shi. Ba a sanin wanne ne wanne sai mai nutso ya koma kan ƙusar da ya kafa, ya ja igiyar awo ta bi layin bara, ya ɗauki hoton wancan murabba'in dai.

Kafin ka tafi ka biyo ta nan ka karɓi madubin hangen nesana, na ba ka aro, amma ka riƙa goge shi kullum da yamma domin iskar teku tana cin ƙarfe. Ka sayi fensir da yawa, biro yana zuba in takarda ta jiƙe. Kada ka goge lambar da ka yi kuskure, ka ja mata layi ɗaya ka rubuta daidai a gefe, kuma ka kwafe aikin yini a littafi na biyu kafin ka kwanta. In ka isa, ka fara gaida shugaban masunta kamar yadda muke fara sauka wurin bulama, ka tambaye shi inda ruwa yake kaiwa lokacin yana yaro, ka rubuta amsarsa a shafi dabam da na lambobi, da ranar da ya faɗa. Sandarmu ta bakin rafi kuma na sa ƙanenka ya riƙa karanta ta da ƙarfe bakwai har ka dawo.