Manuel Baizer da haɗa sinadarai da lantarki

Malam, ka tambaya daga Ringim ko wane masani za ka ba ɗalibanka misali da shi a fannin haɗa sinadarai masu ɗauke da kabon ta hanyar lantarki. A ganina Manuel Baizer ya fi dacewa. Yana aiki a kamfanin Monsanto na Amurka ya gano yadda lantarki ke haɗa ƙwayoyin sinadarin acrylonitrile biyu su zama sinadarin adiponitrile, wanda ake buƙata wajen yin nailan, dangin zaren da masuntan Haɗeja ke saƙa koma da shi. An buɗe masana'antar Monsanto mai amfani da wannan hanya a 1965. Kolbe, masanin sinadarai na Jamus, ya riga shi a wannan fanni da fiye da shekara ɗari, amma Baizer ya taka babbar rawa wajen kai fannin kasuwa, kuma littafin da ya tace a 1973 ya zama madogarar masu bincike.