Masarata ta kwanta bara, in ƙara iri ne ko in ƙara taki?

Tambaya daga wani manomi a yankin Saminaka: Malam, bara na zuba ƙwaya huɗu-huɗu a rami don in samu buhu da yawa, iskar watan Satumba ta zo ta kwantar da kusan rabin gonar. Bana kuɗina kaɗan ne, in ƙara sayen iri ne ko yuriya?

Amsa: Allah ya mayar maka da alheri ɗan'uwa, na san zafin ganin masara ta yi goyo sannan ta zube ƙasa gara na ci. Amma gaskiya kar ka ƙara iri, cunkoson ne ma ya cuce ka. Masara in ta matsu kowace sai ta miƙe sama tana neman rana, kara ya yi tsawo ya sirance kamar tsinke, ga goyo da nauyi can sama, kuma lokacin da take cika ƙwaya daga jikin karan take jan abinci, to ina ƙarfin da zai tsaya wa iska?

Tazarar da malaman gona ke koyarwa ita ce santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin rami da rami, tsiro ɗaya. Ko 50 tsakanin rami da rami a bar tsiro biyu. Duk lissafin ɗaya ne, wajen tsiro 53,000 a hekta, kilo 20 zuwa 25 na iri ya ishe ka. In sun fito da yawa ka cire bayan sati biyu, na san hannu ba ya so, daure ka cire.

Kuɗin kuma ka fara da takin NPK 15-15-15, don sinadarin fotash ɗin da ke ciki shi ke ƙarfafa kara. Yuriya zalla ganye za ta ba ka, kore shar abin sha'awa, karan kuwa lagwani. Ka bar ta sai sati biyar zuwa shida, kana sawa ka yi huɗa ƙasa ta rufe gindin sosai.

Irin ma ka nemi mai takardar shaidar inganci, kamar irin SAMMAZ na cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, ka tambayi mai shago tsayinsa. Sannan ka riƙa leƙa tsutsa don karan da ta huda ko tazara ba ta cetonsa. In masara ta fara bushewa ka shiga gona ka matsa kara wajen gindi da yatsu biyu, in ya lotse kar ka jira, wannan ɓangaren za ka fara girbewa.