Da gaske malaman kasuwanci a Amurka duk daga jami'o'i goma suka fito?

TAMBAYA: Dakta, na gama digiri na biyu a fannin kuɗi, ina son yin na uku a Amurka don in koyar a makarantar kasuwanci. Wani ejan ya turo mini jadawali ta WhatsApp, wai kusan duk malamansu daga jami'o'i goma suka fito, in ban samu ɗaya ba na yi asarar shekaruna. Hankalina ya tashi.

AMSA: Malam, kwantar da hankalinka. Fifita waɗanda suka fito daga manyan jami'o'i akwai shi, ba na musu. A 2015 wani masanin kwamfuta a Amurka, Aaron Clauset, da abokan aikinsa sun bi diddigin malamai kusan 19,000 a fannonin kasuwanci, kwamfuta da tarihi, suka gano kashi 25 cikin ɗari na jami'o'in ne suka yaye kashi 71 zuwa 86 na malaman. Amma rubu'in jami'o'i daban, goma daban.

Abin da ke ci mini rai shi ne jadawalin nan marar uwa marar uba, kullum sai an kawo mini irinsa. Sake buɗe shi ka duba ƙasansa. Akwai sunan wanda ya ƙirga? Akwai shekara? Malaman waɗanne makarantu aka ƙirga? Nan ne ake yi wa mutane rufa-ido. In ka ƙirga malaman manyan makarantun kasuwanci irin Harvard da Stanford da Wharton kaɗai, dole ka tarar junansu suke ɗauka, sai a ɗauki wannan adadi a yafa wa ƙasar baki ɗaya. Ko binciken Clauset ɗin, jami'o'in da ke ba da digiri na uku kawai ya duba. Ɗaruruwan makarantun da AACSB, ƙungiyar da ke duba ingancin makarantun kasuwanci, ta tantance, masu ɗaukar malamai kowace shekara, da yawansu ba sa ciki. Kuma lissafin akanta da tallace-tallace da harkar kuɗi kowane fanni da kasuwarsa ta ɗaukar malamai. Wallahi haƙƙi ne a tsorata ɗalibi da lambar da ba a san asalinta ba don a karɓi kuɗinsa.

Shiga shafin sashen da kake so, ka nemi jerin wuraren da ɗalibansu suka samu aiki a shekaru biyar da suka wuce. In babu, rubuta musu ka tambaya. Ka kuma sani, yawancin shirye-shiryen digiri na uku (PhD) na kasuwanci a Amurka su ke ɗauke kuɗin makaranta har su ba da alawus, kuma kai tsaye ake nema. Ejan ɗin nan, ce masa ya turo maka tushen jadawalinsa kafin ka ba shi ko sisi.