Tambaya da Amsa: Farfaɗo da ƙungiyar kurket ta jami'a

Tambaya: Assalamu alaikum. Na yi shekara huɗu ina buga kurket a ƙungiyar jami'armu. Har yau ina tuna yadda mu shida muke ɗauko tabarma daga sito da sassafe ranar Asabar, mu shimfiɗa, mu kafe ta kafin rana ta ɗaga. Bana na leƙa na tarar ciyawa ta cinye filin. Mu tsofaffin ƴan wasa mun yi karo-karo, abokaina sun ce a fara da riguna da kofin gasa. Ina ya kamata kuɗin ya fara shiga?
Tsohon ɗan wasa, Kaduna

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya saka muku da alheri. Maganar riguna a jingine ta tukuna, kuɗinku ya fara shiga dandamalin jifa, wato tsirin da ke tsakiyar fili. In dandamali bai kwanta ba, ƙwallo za ta riƙa zabura ta sami yaro a haƙarƙari ko a fuska, kuma ɗan aji ɗaya da ya sha wannan a makon farko ba zai sake dawowa ba.

Ga awon. Daga turaku, wato sandunan da mai jifa ke hari, zuwa turakun ɗaya gefen mita 20.12, faɗin dandamali mita 3.05. Turaku uku ne a kowane gefe, tsayinsu santimita 71.1 daga ƙasa, faɗinsu a haɗe santimita 22.86, yadda ƙwallo ba za ta wuce ta tsakani ba. Layin da mai duka ke tsayawa a ja shi mita 1.22 gaban layin turaku. A miƙar da dandamalin kudu da arewa. In aka yi shi gabas da yamma, da la'asar sakaliya rana tana shiga idon mai duka daidai lokacin da ƙwallo ke barin hannun mai jifa, kuma wannan kuskure ba ya gyaruwa sai an sake aikin gaba ɗaya.

Dandamalin ciyawa irin na Ingila yana son ban-ruwa da rola kusan kullum, ƙungiyar ɗalibai ba za ta iya riƙe shi ba a rani. Ku koma wa tabarmar zaren kwakwa da kuka saba. A sassabe wurin, a cire saiwoyi da duwatsu, a zuba jar ƙasa hawa-hawa, kowane hawa a yayyafa ruwa a daɓe kafin a ƙara na gaba. In aka juye ta lokaci guda, sama kawai ke taurara, ƙasan ya zauna da laushi, damina ɗaya ya lotsa. Tsakiya ta ɗan fi gefe tudu kaɗan don ruwa ya gangare. In da hali a yi daɓen siminti, ya fi daɗewa, sai dai ƙwallo ta fi tashi a kansa.

Tabarma kuwa sirrinta ɗamewa. A kafe gefe ɗaya, mutane su ja ɗayan da ƙarfi, sannan a bi ɓangarorin da ƙusoshi, a nutsar da kawunansu har su yi daidai da ƙasa. Takawa tana sassauta ta, don haka a sake ja a hutun tsakiya. Inda ta yi tattara, nan ƙwallo ke baudewa. Kada a hau ta da takalmi mai ƙusa. In an tashi a kakkaɓe, a naɗe a bushe, a ɗora kan benci. A ƙasa gara za ta gama da ita cikin hutun zango guda.

Bayan wannan sai kayan kariya: hular kwano aƙalla biyu, makarin ƙwauri, safar hannu, da makarin gaba. Ƙwallon maza nauyinta giram 155.9 zuwa 163, kuma tauri gare ta kamar dutse. Sababbin shiga a fara musu da ƙwallon tanis da aka naɗe da salatif ɗin masu lantarki, dabarar da ta yaɗu daga unguwannin Karachi a Pakistan. Tana gudu, tana baudewa, amma ba ta karya yatsa. A buga gajeren wasa na T20, oba 20 kowane ɓangare, kowace oba jifa 6, mai jifa ɗaya ba ya wuce oba 4. Cikin awa uku an gama, ɗalibi ya koma karatunsa.

Kuma ku gaya wa yaran cewa wasan yana da gaba. Najeriya ta shiga hukumar kurket ta duniya a 2002, samarinmu ƴan ƙasa da shekara 19 sun je gasar duniya a Afirka ta Kudu a 2020, ƴan matanmu ƴan ƙasa da shekara 19 kuma sun doke New Zealand a Malesiya a 2025.

Tambaya: Sandar da na yi wasa da ita a jami'a tana ajiye shekara da shekaru. Ƙanena ya buga da ita sau biyu, gindinta ya tsage. Tsufa ne?
Mai karatu, Kano

Amsa: Bushewa ce, ɗan'uwa. Da itacen wilo ake yin sandar, na Ingila ko na Kashmir, itace ne mai laushi da ke son ɗan danshi a jikinsa. Iskar hunturu tana zuƙe shi tas, haka ma zafin but ɗin mota. Busasshiyar sanda in sabuwar ƙwallo ta same ta a gindi, tsagewa take yi.

In tsagin na sama-sama ne, a ɗura masa gam ɗin kafintoci, a matse ya kwana, a goge da sanfefa mai laushi, a naɗe da tef. In ya haura har mahaɗar mariƙi, sandar ta gama aiki. Wadda ta daɗe a ajiye a ɗauke ta tamkar sabuwa: a shafa ɗanyen man linsid kamar ƙaramin cokali ɗaya a fuska da gefuna da gindi, a kwantar da ita fuska sama awa 24, a maimaita sau biyu ko uku. Kada mai ya taɓa mariƙi da mahaɗarsa, kuma kada a cika shi, don yana sa sanda ta yi nauyi ta mutu. Daga nan a bi ta da gudumar katako, a fara a hankali ana ƙara ƙarfi, jimilla kamar awa shida a rarrabe cikin kwanaki. Gefuna a karkace ake bugunsu har kaifinsu ya dunƙule. A gwada ta da tsohuwar ƙwallo. Muddin ɗinkin ƙwallo yana barin shaida a fuskarta, da sauran bugu.

Tambaya: A zamaninmu da yawu muke goge ƙwallo don ta baude a iska. An ce yanzu an hana?
Mai karatu, Zariya

Amsa: An hana. An fara dakatar da shi a 2020 saboda korona, sannan daga Oktoban 2022 ya shiga dokokin da ƙungiyar MCC ta Landan ke rubutawa. Gumi ya halatta. A zaɓi gefe ɗaya a riƙa goge shi a wando, a bar ɗayan ya yi kaushi, a riƙe ɗinkin a tsaye lokacin jifa. Ƙwallo za ta karkata wajen gefen mai kaushi. A kan tabarma da busasshen fili ƙyallin ba ya jimawa, don haka masu saurin jifa su yi aikinsu a obobin farko, a bar sauran wa masu murza ƙwallo.