Hilux a Rairayin Yusufari: Me Zan Fara Saya Mata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Hilux ƙirar 2012 mai injin fetur 2.7. Sana'ata sayen riɗi da ƙaro, daga Gashuwa nake shiga ƙauyukan Yusufari da Machina. Da rani rairayi ke riƙe ni, da damina kuma taɓon fadama. Abokai sun ce in ɗaga motar, in sa manyan tayoyi da bamban ƙarfe da winci (na'urar da ke naɗe igiya ta jawo mota in ta kafe) da bututun shan iska na sama. Kuɗina ba za su ɗauki duka ba. Da wanne zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, cikin duk abin da aka lissafa maka an bar wanda ya fi amfani, kuma shi ne mafi araha: gejin auna iskar taya da ɗan famfon da ake jonawa da batir.

Yawancin motocin da na ga sun kafe a rairayi, ba ƙarfin inji suka rasa ba. Mai faci ne ya ɗura wa tayoyinsu iska 40 ko 45 a ma'aunin PSI na geji, taya ta yi tauri kamar dutse, maimakon ta hau kan yashi sai ta riƙa haƙa wa kanta rami. Kafin ka sauka daga kwalta, ka tsaya ka rage iskar zuwa 18 ko 20. In da buhuna a baya, ka bar na bayan wajen 24. Taya za ta baje, sawunta ya ƙara tsawo, ta bi saman rairayi kamar tafin raƙumi. Na taɓa iske wani direba shi da yaransa sun fi awa guda suna ta haƙa, gumi sharkaf, ƙaurin kuloci ya cika wurin. Tsinke na samu na danna bakin bawul ɗin kowace taya, muka share yashin gabansu da hannu, ya sa giyar ƙarfi, mota ta fito ko turawa ba a yi ba. Amma kada ka sauka ƙasa da 15, don taya na iya zamewa daga wili in ka karya kwana da ƙarfi. Kuma da ka koma kwalta ka mayar da iskar, in ba haka ba taya ta ɗau zafi ta fashe. Amfanin famfon ke nan.

Bayan wannan sai tayoyin kansu, nan ne zan so kuɗinka su tafi. Nemi masu alamar A/T, wato na kowace irin hanya, waɗanda aka rubuta LT a jikinsu, alamar tayar ƙananan motocin ɗaukar kaya. Sun fi kauri da jure kaya, kai kuma cikin ƙayar aduwa da ta farar ƙaya kake yawo. Masu manyan haƙoran nan na M/T, wato na shiga taɓo, suna da kwarjini, a taɓo kuma ba su da na biyu, sai dai a rairayi su ne gwanayen haƙa, a kwalta ga ƙugi ga saurin cinyewa. Batun girma, mataki ɗaya ya isa. Misali daga 265/70R16 zuwa 265/75R16, taya ta ƙaru da kusan inci guda, ƙasan mota ya tashi da rabin inci. In ka haura zuwa masu inci 33, za su riƙa gogar jikin mota, injin 2.7 ya yi nauyin tashi, shan mai ya ƙaru, birki ya rage kamawa, agogon gudu ma ya riƙa nuna maka ƙasa da abin da kake yi. In na hannu za ka saya, duba lambobi huɗun da ke bayan rubutun DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara shida ka bar musu abarsu ko da haƙoranta na nan.

Ɗaga mota kuwa, a nan ake yawan asarar kuɗi. Abin da ke fara dafa ƙasa shi ne tulun aksul na baya, shi kuma ko nawa ka ɗaga jikin mota yana nan inda yake, taya kaɗai ke ɗaga shi. Sannan ƙafar gaban Hilux irin taka kowace da nata shaf ɗin. In ka ɗaga ta fiye da inci biyu, shaf ya karkace da yawa, robarsa ta yage, yashi ya shiga, ka fara jin ƙas-ƙas a kwana. Abin da mai ɗaukar riɗi ke bukata shi ne sifirin na baya da zai ɗauki kayansa ba tare da gindin mota ya zauna ba, da shokazoba mai kyau. Ka guji a ƙara maka ganyen sifirin na babbar mota. Ranar da ba kaya, bayan motar zai riƙa tsalle a burji har ƙugunka ya gaya maka.

Bamban ƙarfe da winci a haɗe suna kusan kilo 100, ka ga buhu guda ke nan ka ɗora a hancin mota dare da rana. Bamban da mai walda ya ƙera da ka yana iya tare wa lagireto iska, ya kuma rikita jakar iskar da ke kare direba a haɗari. Winci kuma sai da abin ɗaurawa. A tuddan Tulo-Tulo wace bishiya za ka kama? Sai dai ka binne safaya a rami ka ja da ita. Shebur mai dogon ƙota, alluna biyu na sawa ƙarƙashin taya, katakon ɗora jak, da igiyar ja mai ƙwari sun fi maka. Roƙona ɗaya: kada a taɓa maƙala igiyar ja a dunƙulen ƙarfen jan tirela na baya. Yana karyewa ya tashi kamar harsashi, ya kuma sha kashe mutane.

Bututun shan iska ban hana ka ba, yana rage ƙurar da inji ke zuƙa, yana kuma kare shi daga shan ruwa. Sai dai bai mai da mota kwalekwale ba. Duk ranar da ka ratsa ruwa mai zurfi, a kwance maka noti a duba man aksul. In ya koma fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga, a juye shi nan take.

Kafin duk wannan ma, a tabbatar fowil ɗinka, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja tare, yana shiga yana fita lafiya. Ka riƙa sa shi tun kafin ka shiga yashi, ba sai ka kafe ba, ka kuma cire shi da ka hau kwalta, don irin na Hilux ba a yi shi don busasshiyar hanya ba, yana ɗaure shaf da giya. In kakar riɗi ta yi kyau har wani abu ya yi saura, makullin aksul na baya, wanda ke tilasta tayoyin biyu su juya tare, shi zan saya kafin winci.