Atisaye a mafarki yana ƙara gwaninta?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko atisayen da mutum ke yi cikin mafarkin da ya san mafarki yake yi yana da amfani a farke. Yana da shi, amma kaɗan.

A 2010, wasu masu bincike, Erlacher da Schredl, sun sa mutane jefa kwabo cikin kofi. Waɗanda suka gwada a mafarki sun ƙara saiti da safe, sai dai masu jefawa ido biyu sun fi su ci gaba. In mutum yana motsi a mafarki, sashen ƙwaƙwalwa mai kula da motsi yana aiki ne ko da jiki na kwance ba ya motsi. Mutanen da aka gwada fa ba su da yawa.

A ganina, abin da ka riga ka iya yake gogewa. In ba ka taɓa riƙe sitiyari ba, nemi mai koya maka tuƙi tukuna.