Olivier Bai Sauke Muryarsa da Ihu da Ɗanyen Ƙwai Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara biyu ke nan ina wasan dandamali, kuma muryata siririya ce. Na ji cewa Laurence Olivier, shahararren ɗan wasan Ingila, ya kaurara tasa don ya fito a Othello, wasan Shakespeare. Wani a ƙungiyarmu ya ce in riƙa ƙwala ihu a fili kullum da asuba, in sha ɗanyen ƙwai da zuma da citta. Na yi wata biyu ina yi. Yau mako uku muryata a dishe, ga wasa saura wata guda. Malam, na kashe muryata ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka daina ihun nan daga yau. Dishewar da ta kai mako uku ta wuce a zauna ana jira, ka je likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa da madubi ko 'yar kyamara. Yawanci kumburi ne da hutu ke saukarwa, amma ido ne zai tabbatar.

Labarin da ka ji gaskiya ne, sai dai an yanke maka shi. Lokacin da Olivier ya hau dandamali a Othello a 1964 yana da shekara 56, kuma shekara 40 ke nan da shigarsa makarantar koyon magana da wasa ta Elsie Fogerty a Landan, a 1924. Daga can ya tafi ƙungiyar wasan dandamali ta Birmingham a 1926, yana fita a ƙananan matsayi da manya. A 1935 suka riƙa musayar matsayin Romeo da Mercutio shi da John Gielgud, masu sharhi suka yaba kuzarinsa, suka kushe yadda yake furta baitocin Shakespeare. Ya koma ya gyara. A 1937 ya yi Hamlet cikakke a gidan wasan Old Vic na Landan, wasan da ke cin kusan awa huɗu. Mutumin da ya bi wannan hanya ne ya ƙara watanni yana atisayen murya da motsa jiki kafin Othello. Kai an ba ka wata biyu da kofin ƙwai.

Bari in tsaya kan ƙwan nan, domin kullum sai an kawo wannan magana. Abin da ka haɗiya ba ya taɓa tantanin muryarka ko kaɗan. Duk lokacin da ka haɗiye abu, wani murfi yana rufe hanyar iska, abincin ya bi ta baya ya gangara ciki. Ranar da ɗigon ruwa ya kuskure ya nufi tantanin, ai ka san abin da ke faruwa: ka ƙware, tari ya sarƙe ka. To ta ina zuma za ta shafe shi? Tana sanyaya maƙoshi, iyakarta ke nan. Masu tallar "maganin buɗe murya" a kwalba ba su taɓa ganin wannan tantanin ba, amma suna karɓar kuɗin yara. Alawar da ke sanyaya wuya ma da hatsarinta, tana ɓoye zafin da ya kamata ya tsayar da kai, ka ci gaba da ɓarna. Mafi muni su ne masu cewa a sha taba murya ta yi kauri. Tana kaurara, amma ta hanyar kumbura tantanin ya cika da ruwa, kuma taba ce kan gaba wajen kawo ciwon dajin maƙogwaro.

Tantanin nan guda biyu ne, tsawon kowane kamar santimita biyu a namiji, suna haɗuwa suna rabuwa fiye da sau 100 a daƙiƙa ɗaya. Ihu da asuba, murya ba ta ɗumi ba, iska ta bushe, buga su ne da ƙarfi a wuri ɗaya. Da farko kumburi, in aka nace sai kanta ta fito a tsakiya irin ta tafin manomi, su kasa rufuwa, iska ta riƙa zurarewa. Ita ce dishewar da kake ji.

Kafin ka ga likita, ka rage magana sosai, kada ka yi raɗa, domin tana matse maƙogwaro, kuma ka bar yawan gyaran murya. Sha ruwa a kai a kai, ka yi sirace da ruwan zafi zalla minti goma. In likita ya sallame ka, ka fara da kwanciya rigingine da littafi a kan cibiya: in ka ja numfashi littafin ya tashi, kafaɗa ba ta motsa ba. Sai "mmm" da baki a rufe har leɓɓanka su yi ƙaiƙayi. Sai ka sa bututun shan lemo cikin kofin ruwa, ka hura da sauti kana hawa kana sauka a hankali. Minti goma zuwa sha biyar a rana ya isa. In ka ji zafi, ka tsaya.

Ka kuma cire wa ranka cewa kauri ne ke kai murya layin baya. Numfashi ne da fitar da ƙarshen kalma. Olivier kansa ba mai ƙatuwar murya ba ne a halitta, shi ya sa Othello ya ci masa aiki. A gaban kyamara kuwa abin ya juye: darakta William Wyler ya sha fama da shi a fim ɗin Wuthering Heights na 1939 kafin ya rage salon dandamali, kuma wannan darasin na cikin abin da ya kai shi ga lambar Oscar da fim ɗin Hamlet na 1948.

Batun wasan wata mai zuwa, ka gaya wa daraktanku yau ya tanadi wanda zai tsaya maka, ka riƙa zuwa atisaye kana bin takunka a dandamali ba tare da ɗaga murya ba. Wanda ya ba ka shawarar ihu kuma ka karanta masa wannan amsa, don na tabbata ba kai kaɗai ya faɗa wa ba.